Yadda za ka yi hira da 'yan wasan makaranta da kocinsu ba tare da ka ɓata masu lokaci ba

In kana son ka yi hira da 'yan wasan jami'a ko kwaleji kan yadda kakar wasansu ta kasance, ko don shafinka na Facebook ne ko jaridar ɗalibai ko wani ɗan shiri na rediyo, to kar ka fara da ranar wasa. Wurin tirenin za ka fara zuwa. Nan Sakkwato galibi ko dai da sassahe bayan Asuba ko kuma bayan La'asar ake yi, don duk wanda ya san ranar garin nan daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce maki 40, ya san ba mai gudu da tsakar rana. Ka je ka zauna gefe ka yi kallo kawai, kar ma ka fiddo waya, ka lura da wanda koci ya fi yi wa tsawa, wa ke zuwa a makare da takardun lakca a hannu, wa ke ɗingishi yana ɓoyewa. Tambayoyinka masu kyau duk nan za su fito wallahi, ba cikin intanet ba.

Kafin ka taɓa ko ɗan wasa ɗaya ka nemi koci tukuna. Ka gaishe shi yadda ya kamata, Koci ina wuni, ya aiki, ya yaran, sannan ka faɗi sunanka da inda hirar za ta fito. In akwai daraktan wasanni na makarantar shi ma ka leƙa ofis ɗinshi ka ce Yallaɓai ga abin da ya kawo ni. Wasu na ganin wanga ɓata lokaci ne amma ni ban yarda ba, don yaran nan ba za su saki jiki da kai ba in sunka ga kocinsu bai san da zuwanka ba, kuma suna da gaskiya, shi ne ke fidda sunayen waɗanda za su buga.

Sai ka san wace gasa ce suke ciki, kar ka je kana cakuɗa su. Jami'o'i irin su Usmanu Danfodiyo da jami'ar jiha NUGA suke zuwa, gasar da anka fara tun 1966 a Ibadan. Foliteknik irin ta Umaru Ali Shinkafi tasu NIPOGA ce, kwalejojin ilimi irin Shehu Shagari kuma NICEGA. Banda wannan akwai wasannin cikin gida tsakanin tsangayoyi da sassa, kuma nan ne ma ɗalibai sunka fi cika fili. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne kakar wasa a wurinmu ba kamar ta Amurka ba ce inda NCAA, ƙungiyar da ke kula da wasannin jami'o'insu, ke da jadawali tsayayye har da tallafin karatu ga 'yan wasa, tamu kalandar makaranta take bi, in kalanda ta goce ita ma ta goce. Yajin aikin ASUU na 2022 wata 8 ya yi, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ka ga ai duk tim ɗin da anka haɗa kafin nan sai an sake ɗora ta. Don haka tambayar farko ga koci ita ce shi daga ina ya fara lissafin kakar bana, kuma su wa ya rasa cikin waɗanda sunka gama karatu.

Yanzu ga inda mutane sunka fi yin sake, wato tambayar kanta. Ya ka ji da kunka ci wasa? Amsa ɗaya ce za ka samu, Alhamdu lillahi mun gode Allah mun yi ƙoƙari, shi ke nan hira ta mutu. Ka kamo abu ɗaya takamaimai da ka gani da idonka. Ka ce wa gola, lokacin da anka ba da fenareti ɗin nan na gan ka ka tsaya kana kallon ƙafar mai bugawa, mi kake nema? Ka ce wa kaftin, da kunka shiga hutun rabin lokaci ana cin ku biyu ba ko ɗaya, mi Koci ya ce maku, kai kuma mi ka ce wa yaran? In ƙwallon hannu ce, wadda Sakkwato ta daɗe da yin suna a kanta, ka tuna mutum 7 ne kowane gefe kuma minti 30 ake yi kowane rabi, in ƙwallon kwando ce zango 4 ne na minti 10, sanin irin waɗannan ƙananan abubuwa shi ke sa ɗan wasa ya ɗauke ka da muhimmanci. In ka yi tambaya kuma ka yi shiru. Za ka ga yaro zaune ƙasa yana kwance igiyar but ɗinshi, fiya wata a baki, ya ce maka ba komai lafiya lau, ka ƙyale shi ɗan lokaci kar ka cike wurin da surutu, sai ka ji ya ɗora da kanshi cewa tun wasa na biyu yake bugawa da targaɗe, sai ya ɗaure ƙafar da bandeji ya sa safa a kai don kar a ajiye shi benci.

Kuma don Allah ka tambaye su karatu, ni a ganina hira da ɗan wasan makaranta da ba a taɓo karatu ba rabi ce. Ya yake yi in tes ya faɗo ranar tafiya wasa, akwai malamin da ya ɗaga mai ƙafa, su wa ke ba shi aron not, iyayenshi na goyon baya ko faɗa suke yi. Haka azumi, in kaka ta ratsa cikin Ramadan ka tambayi koci yadda ya sauya lokacin tirenin, ya rage ne ko ya mai da shi dab da shan ruwa. Maganar kuɗin mota da alawus da jesi ita ma ka tambaya amma da hankali, in ɗan wasa ya yi ƙorafi ka tsaya ka ce mai ƙanena ka yarda in sa wanga da sunanka? Ɗalibi ne, kai za ka wallafa ka tahi abinka shi ko yana nan cikin makarantar. In ya ce a'a to a'a ɗin ce. In za ka sa ƙorafin ba suna, ka je ka ji ta bakin hukumar wasanni ita ma kafin ka saki.

Mata 'yan wasa kar ka tsallake su, suna ƙoƙari sosai kuma ba a cika neman su ba. Ka bi ta hannun kocinsu, hirar a yi ta a fili inda mutane suke, in da hali ka tahi da abokiyar aiki mace. Hoto kuma sai ta amince ta ga wanda za a sa, don akwai wadda a gida an san tana wasa amma ba a son hotonta cikin kayan wasa na yawo a WhatsApp.

Shi koci in an ci yaranshi kar ka tare shi da an hura usur, ka bari ya gama magana da su, ko ma ka bari sai washegari. Lokacin ne za ka iya tambayarshi dalilin canjin da ya yi, ko mi ya sa ya fara da sabon yaro ɗan aji ɗaya ya bar tsoho, kuma zai ba ka amsa ta gaskiya ba ta ɓacin rai ba. Kar ka tura shi ya zagi alƙalin wasa don ka samu masu dannawa, shi za a hukunta.

Kayan aiki ba wasu masu yawa ba ne, waya mai caji da fawa bank da ɗan littafi da biro. Ka sa wayar a yanayin jirgin sama kar kira ya yanke maka rikodin. In cikin hunturu ne iska na ɓata murya ƙwarai, musamman a buɗaɗɗen fili kamar na Giginya, sai ka juya wa iskar baya ka rufe bakin wayar da hankici, ka ɗauki ɗan gwaji ka saurara kafin a fara. Sunan mutum da sashenshi da ajinshi ka ba shi biro ya rubuta da hannunshi, sakamakon wasanni kuma ka tabbatar wurin mutum biyu don yara na mance ci nawa anka yi. Rikodin ɗin ka kwashe shi a rubuce tun daren nan, in ka mai da maganar Hausa zuwa Turanci kar ka ƙara mata gishiri. In ka wallafa ka tura wa koci da kaftin su gani, in sunka nuna kuskure ka gyara nan take, kuma ka tambayi koci ranar da za su koma tirenin a sabon zango ka rubuta ta cikin littafinka.