Yadda za ka gane rinin marina na gaske kafin ka biya kuɗin na Chaina

Yanzu in ka shiga Kantin Kwari ka ce kana son yadi mai rini irin na gargajiya, kafin ka rufe baki an baje maka kala goma a gabanka, kowanne da zanen ɗauri kamar daga marinar Ƙofar Mata ta Kano aka fito da shi, alhali da yawansu ko ƙamshin rijiyar rini ba su taɓa ji ba, inji ne ya buga su a Chaina aka loda a kwantena. Ba haramun ba ne mutum ya saya, araha gare shi kuma aljihu ba ɗaya ba. Matsalar ita ce ka biya kuɗin aikin hannu a ba ka na inji, kai an cuce ka, marini kuma yana can zaune bakin rijiya ba ciniki.

Abin fa bai faro jiya ba. Tun 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shuɗin rini na kemikal, daga nan kasuwar baba, wato tsiron da ake samun shuɗin rinin gargajiya daga ganyensa, ta fara ja baya a duniya, har Indiya da ta fi kowa nomansa sai da ta ji a jikinta. Mu namu babban bugun ya zo ne bayan Chaina ta shiga ƙungiyar cinikayya ta duniya a 2001, sannan a farkon 2005 aka cire ƙa'idar da ke taƙaita yawan tufafin da ƙasa za ta iya fitarwa, ga kuma rashin wuta da fasa-ƙwauri a gida, masaƙun Kaduna da Kano suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, masaƙar UNTL ta Kaduna da ta fi kowacce girma ta tsaya a 2007. Wannan Kanon ce fa da Heinrich Barth, Bajamushe mai yawon bincike, ya zo a 1851 ya tarar ana kai tufafinta har Timbuktu da Tarabulus.

To, abu na farko, juya yadin ka duba bayansa. Abin da aka tsoma a rijiya rini yana ratsa zaren gaba ɗaya, gaba da baya kusan kala ɗaya ne. Na inji a fuska ɗaya ake buga shi, bayan sai ka gan shi fari-fari ko ya koɗe. Wannan kaɗai ya isa ya tona asirin mafi yawansu, amma akwai masu buga fuska biyu yanzu, saboda haka kar ka tsaya nan.

Sai zanen. Ɗaurin hannu mata ne galibi ke yi a gida da allura da zare, a tsuke yadin a ɗaɗɗaure kafin a kai marina, in an rina a warware, inda zaren ya matse rini bai shiga ba shi ne zai fito fari. Aikin hannu ba ya taɓa zuwa daidai, wani zagayen ya fi wani girma, wani wurin shuɗin ya ɗan kutsa cikin farin, in ka ɗaga shi a rana ma za ka ga ƙananan hujin allura da ɗan tattarewar da ɗaurin ya bari. Ka zaɓi fure ɗaya a jikin yadin ka bi shi da ido, in ka ga ya maimaita kansa sak bayan kowane taƙi, har da ɗan "kuskuren" da ke jikinsa a wuri ɗaya, wallahi inji ne, hoton aikin wata baiwar Allah aka ɗauka aka buga.

Kala ma tana magana. Baba shuɗi kawai yake bayarwa, daga mai haske zuwa wanda ya yi duhu kamar baƙi, ya danganta da sau nawa aka tsoma. In ka ga ja ko kore ko ruwan ɗorawa, wannan galura ce. A nan ni ina da ra'ayi, galura ba ita ce abokiyar gaba ba, marinan da ke rina shadda da galura a lungunan Kano su ma 'yan gida ne, dubban matasa ke ci daga nan. Kawai dai ka san wanne kake saya, kar a sayar maka da rinin galura da sunan baba.

Ka shinshina shi, kar ka ji kunya. Ruwan rijiya haɗin baba ne da toka da katsi, wato lakar ƙasan rijiyar rini da aka ƙona, a bar shi ya yi makonni yana ruɓa ana motsawa, don haka sabon rini yana da wani wari-wari na ƙasa da ba ya ɓuya. Na kanti warin sitati da kemikal yake. Sannan ka goga ɗan yatsa, rinin baba sabo yakan bar ɗan shuɗi a hannu, balle turkuɗi irin na Kura da ake buga masa shuni a mabuga har ya riƙa ƙyalli, shi wannan zubar ita ce adonsa, Buzayen Agadas saboda ita suke nemansa suna naɗa rawani. Mutane da yawa suna ganin ya taɓa hannu sai su ce jabu ne, alhali a wannan kayan akasin haka ne.

In mai kaya ya yarda, zare zare ɗaya daga gefe ka kunna masa ashana. Auduga tana ci da wuta kamar takarda ta bar toka mai laushi. In ya narke ya dunƙule ya yi warin leda, roba ce, kuma baba ba ya kama roba, maganar ta ƙare.

Wanda ya fi duk waɗannan dabarun sauƙi shi ne ka je inda ake yi. Marinar Ƙofar Mata tana nan cikin birni, tarihin da ake bayarwa shi ne tun 1498 take, kodayake rijiyoyi da yawa sun bushe wasu an cike su da shara. Ka sayi farin yadinka na auduga zalla, ka kai da kanka, ka faɗi irin duhun da kake so. Ka tsaya ka kalla in kana da lokaci, yadin yana fitowa daga ruwa kore-kore ne, iska na bugunsa sai ya juye shuɗi a gaban idonka, a sake tsomawa a sake ɗagawa. Yara ma ya kamata a riƙa kai su, yawancinsu a TikTok suka fara ganin abin wajen Turawa masu yawon buɗe ido. In kana so ya yi sheƙi sai a wuce da shi wajen mabuga.

Wajen ciniki a yi tayi amma da tausayi. Yadi ɗaya ya bi ta hannun mai ɗauri, marini, mabugi, wani sa'in har masaƙi, in ka taya shi da farashin na kwantena ai ba ciniki ka zo yi ba. Kuma masu saye ta Instagram ko WhatsApp, ku ce a turo muku bidiyon bayan yadin da kusa-kusa, ba hoton da aka gyara ba.

In ka kai gida, wankin farko da na biyu a yi masa shi kaɗai da ruwan sanyi, zai zuba, kar hankalinka ya tashi. Ban da omo mai ƙarfi, ban da bilic, ban da jiƙa shi ya kwana. A juya bayansa a shanya a inuwa, kuma kar a sa shi da farar singileti sai an wanke shi sau biyu ko uku.