Katin Hoto da Kalma: Yadda Za Ku Fara wa Yaro Holanci a Gida

A Holan yaro yana shiga groep 1, wato ajin farko na firamare, da shekara 4, zuwa makaranta ya zama dole da shekara 5, amma karatu gadan-gadan sai a groep 3, wajen shekara 6. Saboda haka ɗan shekara 3 ko 4 ba karanta kati ake so ya yi ba. Ya ga hoto, ya ji sunansa, ya nuna, ya faɗa. Rubutun yana ƙasan hoton ne kawai don ido ya saba.

Kayan aikin ba sai an saya ba. Takardun tallan manyan kantuna irin su Lidl ko Albert Heijn cike suke da hotunan madara, burodi, ƙwai da tuffa. A yanka, a manna a kwali mai faɗin tafin hannu, biyu-biyu ga kowane abu. A fara da kati 6 zuwa 8 na fanni ɗaya, kamar abinci ko tufafi, minti 10 a rana. An wuce haka, yaro ya fara jifa da katin.

Babban kuskuren iyaye shi ne rubuta kalma tsirara. Kowane suna a Holanci yana tafe da de ko het, ƙananan kalmomin da ke zuwa gaban suna kamar "the" na Turanci, kuma yawancinsu sai dai a haddace. Kada a rubuta hond (kare), a rubuta de hond. Het huis, de fiets, het brood, de melk, het ei. Yaron da ya koyi paard (doki) babu het zai yi ta cewa "de paard" shekara da shekaru, gyaran kuwa sai an sha wuya. A yi wa katin de gefe shuɗi, na het ja. Sauƙin da ake samu: jam'i duka de ne, ƙaramin abu mai ƙarewa da -je kuma het ne, shi ya sa yarinya ma het meisje ce.

Wasan kansa: a baje katunan, a ce "Waar is de vis?" (ina kifi?), ya ɗora yatsa. Bayan kwana biyu shi zai riƙa faɗin sunan. Daga nan a kife su, ya buɗe biyu yana neman masu kama, kowanne ya buɗe ya kira sunansa. Sai ya shiga groep 3 za a yanke rubutun daga hoton ya haɗa da kansa. A lokacin a bi malamansu, a furta sautin harafi, "mmm", ba sunansa "em" ba.

A kula da bakinmu. Mu Hausawa muna gauraya p da f, ga v kuma, alhali pak daban, vak daban. Haka man da maan, bom da boom: bambancin gari na mutane da garin tuwo ne, sai dai su suna rubuta shi. Oe kuwa u ce, boek "buk" ake cewa. In sautin ui na huis ya gagare ku, ku roƙi malamar aji ta faɗi kalmomin ku naɗa a waya.

Kada a bar Hausa. A fara cewa doki, sannan het paard. Littattafan hoto kuwa, a yi wa yaro rajista a bibliotheek, wato laburare, galibi kyauta ne ga yara, a kuma tambaye su VoorleesExpress, masu turo mai sa kai ya riƙa karanta wa yaro a gida duk mako.