Yadda Ake Raba Dukiya da Bashi Idan Aure Ya Mutu a Katsina

Abin da aka saba gani a Katsina idan aure ya mutu shi ne dangin mace su zo da mota tun ranar da aka miƙa takardar saki, su kwashe gado da katifa da kwanuka cikin ɓacin rai, sai bayan zuciya ta huce a tuna da kuɗin adashin da ta zuba a ginin gidan, ko tumakinta da suke wurin ƙanin mijin a ƙauye. Wannan gaggawar ce take jawo asara, kuma sau da yawa asarar a kan mace take faɗawa.

Kafin a taɓa ko da cokali, ya kamata ɓangarorin biyu su san ƙa'idar da alƙali zai bi. Kotunan shari'ar Musulunci na jihar suna hukunci ne bisa mazhabar Malikiyya, wadda a cikinta aure ba ya gauraya dukiyar miji da ta mata. Abin da miji ya mallaka nasa ne, abin da mace ta samu ta hanyar gado ko sana'a ko albashi ko kyauta nata ne, don haka aikin da ke gaban mutane shi ne tantance mai kowane abu da kawo hujja. Wanda aka ɗaura aurensa a ofishin rajista kuwa, dokar aure ta 1970 ce take aiki a kansa, kuma Babbar Kotun Jiha zai nufa.

Idan saki ɗaya ne ko biyu, matar tana da haƙƙin zama a ɗakinta, ci da sha da sutura suna kan miji, har ta yi tsarki uku, ko ta haihu idan tana da juna biyu. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da ita. A cikin wannan lokacin ne ya dace kowane ɓangare ya turo dattijo ɗaya, a gayyato mai unguwa ko limamin masallaci, a zauna a rubuta duk abin da ke gidan, a ɗauki hotonsa da waya, kowa ya riƙe kwafi.

Kayan ɗakin da iyayenta suka yi mata da lefen da aka kawo mata ba su cika jawo gardama ba, domin kowa ya san nata ne. Rigimar tana tasowa a kan abin da aka saya bayan an tare. A Mukhtasar na Halil, littafin fiƙihun Malikiyya, idan ma'aurata suka yi jayayya a kan kayan gida babu hujja, abin da al'ada ta keɓe wa mata ana ba mace bayan ta yi rantsuwa, abin da yake na maza ko wanda kowa ke amfani da shi kuma ana ba miji da rantsuwarsa. Ke nan firji ko janareta ko talabijin da mace ta saya da ribar sana'arta zai iya kuɓuce mata idan ba ta da rasit, ko saƙon banki, ko mai shagon da zai shaida cewa ita ta biya. Ina roƙon mata su nemi waɗannan hujjojin tun kafin kaya su bar gidan.

Sadakin da ba a cika ba bashi ne a wuyan miji, idan kuwa an rabu kafin saduwa rabinsa ne nata. Idan hul'i ne, wato mace ce ta fanshi kanta da dukiya domin a sake ta, a rubuta adadin da za ta mayar da ranar biya. Kyautar sallama da ake kira mutu'a mustahabbi ce a Malikiyya, amma mai hali bai kamata ya bari ta wuce shi ba.

Maganar gida da fili ita ce mafi nauyi. Mace takan sayar da zinarinta, ko ta kwashi adashi ta miƙa wa mijinta a sayi bulo da kwano, takardar filin kuwa sunansa kaɗai take ɗauke da shi. Alƙali zai tambaya: kuɗin kyauta ne, ko rance, ko tarayya? Idan rance ne za a mayar mata da adadinsu, idan tarayya ce tana da kaso gwargwadon abin da ta zuba bisa darajar gidan a yau, idan kuma ta furta cewa kyauta ce ya karɓa, da wuya ta dawo da su. Hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan mai musu, saboda haka a nemo uwar adashi, da maginin da ya karɓi kuɗi a hannunta, da dillaliyar da ta sayar da zinarin. A sa dillalai biyu da ba su da alaƙa da kowa su kimanta gidan. Idan filin yana da takardar mallaka ta gwamnati kuma za a mayar wa ɗayansu, dokar filaye ta 1978 ta sharɗanta amincewar gwamna, don haka a bi ma'aikatar filaye a sauya suna.

Dabbobi kuwa, 'ya'ya suna bin mai uwar, sai idan an yi yarjejeniyar kiwo. Idan an yi saɓani kan farashi, a tambayi dillalan kasuwar Charanchi ko ta Mai'aduwa.

Bashi yana kan wanda ya ci shi, amma a lura da wurare biyu. Hatsi da mai da mace ta karɓo bashi a shago domin ciyar da gida, alhali miji yana da hali, shi ne zai biya, domin ciyarwa wajibinsa ce. Sannan rancen da mace ta karɓa da sunanta daga banki ko ƙungiyar ma'aikata domin jarin mijinta, ita za a ci gaba da cire wa daga albashi, tunda ita ta sa hannu, kuma saki ba ya warware lamunin da ɗayansu ya tsaya wa ɗaya. A nan dole miji ya rubuta amincewa da bashin a gaban shaidu, da nawa zai riƙa biya kowane wata. Kada kuma a yarda a cire wani bashi daga kuɗin ciyar da yara, domin haƙƙinsu ne a kan mahaifinsu.

Idan an daidaita, a rubuta yarjejeniyar, maza biyu adilai su sa hannu, a kai wa alƙali ya tabbatar da ita. Idan sulhun dangi da na Hukumar Hisba bai yiwu ba, sai a shigar da ƙara a kotun shari'a ta yankin, kuma wanda hukunci bai gamsar ba ya nemi kwafinsa nan take, domin ɗaukaka ƙara tana da wa'adi.