Yadda Ake Tsara Sharuɗɗan Sulhu Don Kada Rikici Ya Dawo

Duk wanda aka ɗora wa nauyin sasanta jama'a a ƙasar Sakkwato, hakimi ne ko arɗo ko limami, zai amfana da sanin yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Versailles ta Faransa ranar 28 ga Yunin 1919, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, tsakanin Jamus da aka ci da yaƙi da ƙasashen da suka rinjaye ta, domin akwai darasi a kurakuranta.

Da farko, a zaunar da wanda aka rinjaya a kan tabarma ɗaya da kowa, a ji ta bakinsa. Ba a yi wa Jamus haka ba. An gama rubuta sharuɗɗan ne sannan aka miƙa mata, shi ya sa Jamusawa suka ɗauke su umarni, ba sulhu ba.

Sai batun diyya, wanda a ganina nan ne masu sasanci suka fi yin tuntuɓe. Kafin a yanka kuɗin ɓarna, a duba abin da mai biya ya mallaka, a bar masa abin da zai ci gaba da nema da shi. A 1921 an ɗora wa Jamus diyyar mak (kuɗin Jamus na lokacin) biliyan 132 na zinariya, bayan an ƙwace yankunan da take mulka, har da Kamaru da Togo. Da biya ya gagara, sojojin Faransa da Beljiyam suka mamaye yankin masana'antunta na Ruhr a 1923, kuɗin ƙasar ya zama takarda, kuma da wannan ɓacin rai Hitler ya yi ta zuga jama'a har ya hau mulki a 1933. Idan shanu sun cinye gonar gero, a je gonar da shaidu, a ƙiyasta damman da aka rasa, a raba biyan kashi-kashi zuwa kaka. Sayar da garken makiyayi ɗungurungum ba ya mayar da geron, sai dai ya bar saurayi da sanda babu abin kiwo.

A guji rubuta cewa laifin duka na ɓangare ɗaya ne, domin sashe na 231 na waccan yarjejeniya, wanda ya ɗora wa Jamus da ƙawayenta alhakin asarar yaƙin, ya yi wa Jamusawa ciwo ƙwarai.

Kafin a watse, a tsayar da ranar sake zama, a kuma naɗa mutum biyu daga kowane ɓangare waɗanda za a kai wa ƙorafi idan wani sharaɗi ya gagara cikawa.