Yadda na gyara gindin mangwaronmu

Gindin mangwaron gidanmu a Aboabo, Kumasi, rana ba ta leƙa shi. Na ga hoton hosta, wani tsiro mai son inuwa, a intanet, ganye kamar faranti, na roƙi Yaya ta kawo min daga Landan. Shekara ba ta zagayo ba ya yi yaushi, katantanwa ta ƙarasa sauran.

Ashe ba inuwar ce ta kashe shi ba. Asalinsa Japan da Koriya da Sin, sai ya kwanta makonni cikin tsananin sanyi kafin ya sake toho, hunturunmu kuwa bai kai nan ba. Na tuge shi na dasa kaladiyum, ɗan uwan mankani mai ja da fari, na zuba ruɓaɓɓen ganye. Wurin ya cika. Yara dai na hana su kai kaladiyum ɗin baki, ƙaiƙayi gare shi.