Yadda ake bin salsalar 'yan Kweka ta tsofaffin takardu

Ƙanina da ke Amurka ya auri baturiya, da suka zo Legas hutun bara muna zaune a Agege da daddare ana shan shayi sai take ce min kakarta ta sha gaya mata asalinsu 'yan Kweka ne amma daga ina suka taso ba ta sani ba. Ni da na san kakana goro ya kawo shi Agege amma ko takarda ɗaya ba mu da ita, abin ya tsaya min a rai, na ce bari in gwada mata ko don yaransu. Ga abin da na koya.

'Yan Kweka ɗariƙar Kiristoci ce da George Fox ya assasa a Ingila wajen 1650. An takura musu, a 1681 sarkin Ingila ya ba wani ɗan Kweka mai suna William Penn ƙasar da ta zama Fensilbeniya a Amurka, jama'arsu suka yi ta tsallaka teku.

Kar ka ɓata data wajen neman takardar baftisma, ba sa yi. Kabari ma na farkon yawanci ba rubutu. Abin nema shi ne littafin taron wata-wata na garinsu, nan ake rubuta haihuwa da aure da mutuwa, kuma mata na da nasu littafin daban, ka duba shi wallahi, wani sunan can kawai zaka same shi. Saboda haka fara da tambayar tsofaffin gida sunan gari, ba sunan dangi kaɗai ba.

Inda daɗin yake shi ne takardar ƙaura. Ba'a tashi haka kawai, sai taron ya ba mutum shaidar cewa ba shi da wata matsala, ya kai wa taron garin da ya sauka su ma su rubuta daga ina ya zo. Kaga kenan duk zango akwai sawu biyu. A kundin William Wade Hinshaw, mai tattara bayanan littattafan 'yan Kweka na Amurka, da aka fara bugawa 1936 an taƙaita su da haruffa, rocf na nufin an karɓe shi da takarda daga taro kaza, gct an ba shi takarda zuwa taro kaza, dis an cire shi, mou ya yi aure ba bisa tsarin ɗariƙa ba. Kana ganin rocf sai ka koma garin da aka ambata, haka zaka yi ta ja da baya kamar mai warware zare. Da yawa hanyarsu daga Fensilbeniya ce zuwa Bajiniya, zuwa Karolina ta Arewa, sannan farkon shekarun 1800 suka bar kudu zuwa Ohayo da Indiyana don sun ƙi zama inda ake bautar da bayi.

Hattara da kwanan wata, nan na yi kwana uku a ruɗe. Ba sa kiran sunan wata, lamba suke sawa, kuma kafin 1752 Maris ne wata na 1, wato wata na 10 Disamba ne ba Oktoba ba. Ka kwafa yadda ka gani, kar ka juya.

Takardar aure kuwa duk wanda ya halarta yana sa hannu, dangi na kusa galibi a ƙarƙashin sunan ango da amarya, nan zaka tsinci iyaye da 'yan uwa.

Daga nan Legas da waya ma zaka iya. Akwai shafukan intanet na binciken salsala, FamilySearch kyauta ne, Ancestry sai da kuɗi, ka rubuta Quaker (Kweka da Turanci) da sunan garin. Asalin littattafan da yawa na kwalejojin Swarthmore da Haverford da Guilford a Amurka, na haihuwa da aure da mutuwa na Ingila kuma suna ma'ajiyar takardun gwamnatin ƙasar ƙarƙashin lamba RG 6. Ka sauke hoton kowane shafi tun NEPA ba ta ɗauke ba, ka rubuta lambar shafin a jikinsa.