Yadda za ka saita tsirkiyar lut kafin ka fara kiɗa

Lut ɗin nan na Turai, wato abin kiɗa mai tsirkiya kamar molo, da su makaɗi John Dowland suka kaɗa a Ingila wajen 1600, daga uud na Larabawa ya samo asali, kuma saita shi sai da haƙuri wallahi.

Da farko in ka fito da shi daga jaka bar shi ya sha iskar ɗakin tukunna, don tsirkiyar hanjin tumaki ce, zafi ko laima kaɗan ya taɓa ta sai ta sauya murya.

Sai ka fara da ta sama, siririyar nan da take ita kaɗai, ka kai ta sautin G (da haruffa ake kiran sautukan kiɗa). Sauran bibbiyu suke, daga sama zuwa ƙasa D, A, F, C, G in lut ɗin mai layin tsirkiya 6 ne.

To nan ne aikin yake. Turakun da ake murɗawa katako ne zalla babu ƙarfe, ka ɗan sassauta tukun sannan ka murɗa a hankali kana tura shi ciki, in ba haka ba zai zame ya warware, kuma don Allah kar ka yi gaggawa da siririyar nan, tsinkewa take yi nan take.

Kowane biyu ka kaɗa su tare da yatsa, in ka ji sauti na rawa ba su daidaita ba, gyara ɗaya har rawar ta tsaya.

Ka gama, sake bi daga farko.